Kwas ɗin CS50x da takardar shaidarsa: yadda na same su daga Birnin Kebbi

Daga cikin kwasa-kwasan koyon rubuta manhajar kwamfuta da ake yi ta intanet, babu wanda matasanmu na Kebbi suka fi tambayata a kansa kamar CS50x, kuma galibin masu tambayar ba karatun ne ya fara jan hankalinsu ba, sunan Jami'ar Harvard da suka ji yana jikin takardar shaidar ne. Na yi kwas ɗin tun daga farkonsa har ƙarshensa a nan Birnin Kebbi, ina haɗa shi da aikina na riƙe littafin lissafi a wani shagon sayen shinkafa shanshera, na karɓi takardar, na kuma shiga da ita wuraren neman aiki iri dabam-dabam. Ra'ayina a kansa rabe yake gida biyu. Karatun ya fi duk yadda ake yabonsa, amma takardar ba ta kai matsayin da ake ɗora ta a kai ba, kuma duk wanda bai raba waɗannan abubuwa biyu a ransa ba tun kafin ya yi rajista, to zai sha wahalar watanni sannan ya zo yana jin kamar an yaudare shi, alhali kuwa babu wanda ya yi masa alƙawarin abin da ya sa rai.

CS50 shi ne darasin gabatarwa ga ilimin kimiyyar kwamfuta da ake koyar da ɗaliban Harvard a Amurka, kuma Farfesa David Malan ne yake jagorantarsa tun shekarar 2007. A 2012 aka buɗe shi ga duniya ta dandalin edX, wanda Harvard da MIT suka kafa a wannan shekarar, aka kuma kira wannan na intanet CS50x. Ba a biyan ko sisi wajen shiga, ba a neman sakamakon WAEC ko NECO, babu jarabawar share fage. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta, da intanet, da asusu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, da kuma Turancin da zai ishi mutum ya bi lakcar da takan kai awa biyu.

An kasa karatun mako-mako, kodayake mutum da saurinsa yake tafiya, abin da aka kira mako guda yana iya cinye masa wata idan aiki ya yi masa yawa. Ana farawa da Scratch, inda ake jera umarni kamar ana haɗa tubala ba tare da rubutu ba, daga nan a shiga harshen C, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, a daɗe a cikinsa har tsawon darussa biyar, sannan a koma Python, sai SQL na sarrafa ma'adanar bayanai, sai HTML da CSS da JavaScript na gina shafin intanet, a rufe da Flask wanda yake ɗinke su duka su zama manhaja guda mai aiki. Kowane darasi da jingarsa, kuma akwai wata manhaja mai suna check50 da take gwada aikin mutum nan take ta nuna masa inda ya dace da inda ya kuskure kafin ya miƙa.

Mutane da yawa suna kukan farawa da C, suna cewa tsohon harshe ne mai tsauri, me ya sa ba a fara da Python mai sauƙi ba. Ni a ganina wannan zaɓi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin baki ɗaya. A harshen C babu abin da ake yi maka kyauta. Idan kana son ajiye bayani sai ka nemi gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta da kanka, ka san adireshin da bayanin yake zaune, ka kuma saki gurbin idan ka gama, in ba haka ba wata manhaja mai suna Valgrind ta fallasa maka adadin abin da ka riƙe ba ka mayar ba. Bayan mutum ya sha wannan gwagwarmaya, ranar da ya shiga Python ya ga layi biyu sun yi abin da ya ɓata yini yana rubutawa a C, ba zai ɗauki abin a matsayin siddabaru ba, domin ya riga ya san abin da yake gudana a ƙarƙashi. Wannan sanin shi ne ya raba wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace wasu layuka daga bidiyo, kuma bambancin yakan fito fili ne ranar da manhaja ta ƙi aiki babu wanda za a tambaya.

Jingar da ta fi zauna mini a rai ita ce wadda ake kira Recover, a darasin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana ba ka kwafin wani katin ajiyar hotuna da aka goge abin da yake ciki, a ce ka rubuta manhajar da za ta dawo da hotunan. Dabarar ita ce, goge hoto ba ya nufin an share shi daga katin, an dai manta wurin da yake ne, kuma kowane hoton JPEG yana farawa da wasu lambobi sanannu iri ɗaya. Aikinka shi ne ka riƙa karanta katin gutsure-gutsure, kowane gutsure bayit 512, duk inda ka ci karo da waɗannan lambobi ka san sabon hoto ya fara, sai ka rufe fayil ɗin baya ka buɗe sabo. Na yi wannan aiki ne da dare a lokacin zafin bazara, babu wutar lantarki, batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa, kuma a gwajin farko hotunan sun fito a yayyanke, rabin fuska a sama, sauran duk toka-toka. Da na gano inda lissafin ya karkace na gyara layi ɗaya, sai ga hotuna 50 sun jeru a gefen allo, na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina kallon fuskokin mutanen da ban sani ba, cikin farin cikin da ban taɓa samun irinsa a aji ba. Jingar Speller ma haka take da nauyi, inda ake ba ka ƙamus mai kalmomi sama da 143,000 a ce ka tsara su a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yadda za a iya duba kurakuran rubutun littafi sukutum cikin ƙiftawar ido. A darasin SQL kuwa akwai Fiftyville, wadda ake ba ka bayanan kiran waya da na cirar kuɗi da na tashin jirage a ce ka gano ɓarawo da wanda ya taimaka masa ya tsere.

Shi kansa malamin ya iya koyarwa ƙwarai. A lakcar farko yakan ɗauki littafin lambobin waya ya yage shi biyu ya yar da rabin da sunan da ake nema ba ya ciki, ya sake yage abin da ya rage, domin ya nuna cewa littafi mai shafi 1,000 ba ya buƙatar fiye da yagewa goma kafin a kai ga shafin da ake so, kuma ko an ninka kaurin littafin, yagewa ɗaya ce kawai za ta ƙaru. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake manta dalilin da ya sa jera bayanai bisa tsari yake rage wahalar nema ba. Sai dai yana da saurin magana, kuma misalai da yawa daga rayuwar Amurka aka ɗauko su, kamar jingar bayar da canji da tsabar kuɗinsu na 25 da 10 da 5 da 1, ko ta saye da sayar da hannun jarin kamfanoninsu. Rubutun maganar da yake fitowa a ƙasan bidiyo da kuma damar rage saurin muryar suna taimakawa sosai, amma ba zan ɓoye wa kowa ba, wanda Turancinsa bai zauna ba zai yi aiki biyu, na harshe da na kwamfuta, kuma zai fi masa alheri ya karanta rubutaccen bayanin kowace lakca kafin ya kalle ta.

Batun wuta da data shi ne ainihin kuɗin makarantar ga mu da muke wannan yanki. Lakcocin ana iya sauke su da ƙaramin inganci a adana, saboda haka nakan sauke su da tsakar dare lokacin da data take araha sabis kuma yake da ƙarfi. Amma wurin rubuta jingar a intanet yake, cikin burauza ake buɗe shi, wanda hakan alheri ne ga mai tsohuwar kwamfuta domin ba sai ya girka komai ba, matsala ce kuma ga wanda sabis yake yanke masa a tsakiyar aiki. Wayar hannu ta isa kallon lakca, amma ba ta isa rubuta jinga ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada hakan. Wanda yake Jega ko Yauri ko Zuru kuma ba shi da kwamfutar kansa, gara ya daidaita da wani shagon kwamfuta mai sola ko ya haɗa kai da aboki kafin ya fara, domin yankewar makonni a tsakiyar darussan C ita ce take sa yawancin mutane su bar kwas ɗin ba su koma ba.

Akwai kuma ƙa'idar gaskiya a karatu da suka shimfiɗa, wadda nake ganin ya kamata a ɗauke ta da muhimmanci. An yarda ka tattauna dabara da abokin karatu, an yarda ka nuna aikinka idan ka maƙale a taimaka maka, amma ba a yarda ka kwafi amsar wani ko ka sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira na waje su rubuta maka ba, sai dai ka yi amfani da nasu mataimakin da suka samar a 2023, wanda aka tsara shi ya yi maka ishara ba tare da ya miƙa maka amsa ba. Amsoshin jingar nan suna warwatse a intanet, kuma babu mai tsaye a kanka. Na san waɗanda suka bi wannan gajeriyar hanya suka sami takarda cikin ɗan lokaci, kuma abin yana ba ni takaici, ba don sun riga wasu ba, sai don sun rage darajar takardar a idon masu ɗaukar aiki, sun kuma cuci kansu da hannunsu.

Yanzu ga batun takardar. Wanda ya sami aƙalla kashi 70 cikin 100 a kowace jinga, ya kuma gabatar da aikin ƙarshe na ƙashin kansa tare da gajeren bidiyon da bai wuce minti uku ba yana nuna yadda yake aiki, zai sami takardar shaidar CS50 kyauta, ɗauke da sunansa da sa hannun malamin da adireshin intanet da kowa zai iya bi ya tabbatar da sahihancinta. Akwai kuma ta biyu da edX suke bayarwa, wadda ake biya da dala. Karatun ɗaya ne, jingar ɗaya ce, makin da ake nema ɗaya ne. Ni ta kyautar na karɓa, kuma a duk inda na shiga da ita ba a taɓa tambayata ko ina da ta kuɗin ba. Idan aka dubi canjin dala a yau, kuɗin da za a kashe a kanta ya fi amfani a saka shi a batirin kwamfuta ko data, sai fa idan wata hukuma ko makaranta ce ta nemi ta edX ɗin da sunanta.

Abin da ya wajaba a fahimta shi ne, wannan takarda ba digiri ba ce, ba difloma ba ce, ba ta mayar da mutum ɗalibin Harvard ko tsohon ɗalibinta, kuma ba ta ɗauke da makin da jami'a take ƙirgawa. Saboda haka a CV ɗina na sanya ta a sashen kwasa-kwasai da takardun ƙwarewa, ban haɗa ta da makarantun da na yi ba, haka ma a LinkedIn. Nakan ga wasu matasa sun rubuta a shafukansu cewa sun yi karatu a Harvard, kuma ina roƙonsu da su daina, domin duk mai ɗaukar aikin da ya san harkar kwamfuta ya san CS50x sarai, kuma da zarar ya ga an kumbura abin, sai ya fara shakkar sauran abubuwan da aka rubuta, har da na gaskiya.

A aikin gwamnati ban ga ta yi tasiri ba, kuma dalilin a bayyane yake. Tsarin ɗaukar ma'aikata ya ginu ne a kan takardun makarantun da hukumar jami'o'i ta NUC ko hukumar ilimin fasaha ta NBTE ko hukumar kwalejojin ilimi suka amince da su, inda bisa al'ada mai digiri yake farawa daga mataki na 8, mai NCE daga na 7, mai ƙaramar difloma daga na 6, sannan a nemi takardar NYSC ga wanda ta wajaba a kansa. Lokacin da na je tantance takardu a wata ma'aikata, jami'in ya duba babbar diflomata ta akanta da sauran takardu, da ya zo kan ta CS50 ya karanta ta da kyau, ya ce, "Malam, wannan abu ne mai kyau, Allah ya sa albarka, amma ba ni da gurbin da zan rubuta ta." Ban ga laifinsa ba, domin fom ɗin da yake gabansa ba shi ya tsara shi ba. Wanda burinsa aikin gwamnati ne a fannin kwamfuta, to ya nemi gurbi a Waziri Umaru Federal Polytechnic ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha da take Aliero, ya riƙe CS50x a matsayin abin da zai ƙarfafa masa karatun ajin.

Inda na ci moriyar kwas ɗin a zahiri shi ne a shagon da nake aiki, kuma aikin ƙarshen ne ya jawo hakan. Masu sayen shanshera a nan sukan ba manoman rani bashin taki da man fetur na injin ban ruwa tun farkon shuka, idan an yi girbi manomi ya kawo buhunansa a auna, a cire bashin, a biya shi ragowar. Duk wannan lissafi a manyan littattafai muke yinsa, kuma rigimar da ta fi yawa ita ce ta mutane masu suna ɗaya daga ƙauye ɗaya, a cire wa wannan bashin wancan, a kwana ana rantse-rantse. Na gina ƙaramar manhaja da Flask da SQL wadda take aiki a kwamfutar shagon ba tare da intanet ba, na ba kowane manomi lambarsa da ba ta maimaituwa kamar yadda aka koya mana a darasin ma'adanar bayanai, na haɗa lambar da ƙauyensa da bashinsa da nauyin kowane buhu da ya kawo. Da na kai wa maigidana takardar shaidar, ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini, ya ce, "To madalla, ɗana, amma ni me za ta yi mini?" Sai na buɗe kwamfutar na ce, "Alhaji, faɗi sunan duk manomin da kake so." Ya ambaci wani da aka daɗe ana jayayya a kan lissafinsa, nan take sunaye uku iri ɗaya suka fito, kowanne da ƙauyensa da lambarsa da abin da ake binsa. Ya gyara zama ya sa tabarau, ya kira wani sunan, ya sake kiran wani, daga ƙarshe ya ce gani ya kori ji. Shi ne ya yi wa wasu abokan kasuwancinsa a Argungu da Jega maganata, kuma ta wannan hanya na sami ayyukan da aka biya ni, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya nemi ganin takarda ba.

Wuri na uku shi ne kamfanonin manhaja masu ɗaukar ma'aikata daga nesa. A nan takardar tana da amfani na gaske amma iyakantacce. A wata intabiyu da na yi ta bidiyo, mai tambayar ya ga CS50x a CV ɗina ya nuna ya san shi, ya tambaye ni wace jinga ce ta fi ba ni wuya, muka ɗan tattauna a kan Speller, daga nan ya wuce kai tsaye zuwa shafina na GitHub ya buɗe manhajar shinkafar yana tambayar dalilin da ya sa na tsara teburan bayanan yadda na tsara su. Bayan haka aka ba ni gwajin da zan warware a gabansu. Tambayoyin da suka fi ƙarfina su ne na yadda mutane da yawa suke aiki a kan manhaja guda ta amfani da Git, manhajar da take bin sawun duk canjin da aka yi wa aiki, da yadda ake rubuta gwaje-gwajen da suke tsare manhaja daga lalacewa idan an yi mata gyara, abubuwan da kwas ɗin gabatarwa ba ya zurfafawa a cikinsu. Ban sami wannan aikin ba, amma na fito da sanin abin da ya rage mini, kuma shi ya sa na shiga CS50W, kwas ɗinsu na gina manhajojin intanet da Python da JavaScript, wanda yake koyar da Git da Django, wani tsarin gina manhajar intanet irin Flask, da gwajin manhaja. Suna da wani na Python zalla da wani na SQL zalla, duka a kan tsari ɗaya na karatu kyauta.

Saboda haka wanda nake ba shawarar ya shiga CS50x shi ne ɗalibin kimiyyar kwamfuta da yake jin an cika shi da bayani a allo ba tare da ya taɓa gina komai ba, da ma'aikacin da yake da wata matsalar lissafi ko ajiyar bayanai a wurin aikinsa yana son warware ta, da kuma matashin da ya shiga shirin 3MTT na horar da matasa fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana neman tushe mai ƙarfi a ƙarƙashin fannin da ya zaɓa. Ga dukkansu, shawarata ita ce kada su yi wa aikin ƙarshe riƙon sakainar kashi. Mutane da yawa sukan gaji a wannan gaɓa su haɗa wani ɗan shafi don kawai a ba su takarda, alhali shi ne kaɗai abin da ka mallaka a duk kwas ɗin wanda ba irin na kowa ba ne. A zaɓi matsala ta gida, ko lissafin kuɗin makarantar Islamiyya, ko kayan shagon magani, ko buhunan albasa a Aliero, a sami mutum ɗaya da zai yi amfani da manhajar da gaske, a kuma rubuta bayaninta a GitHub da Turanci mai tsabta. Wajen karɓar takardar kuma a tabbatar sunan da za a sa ya dace da wanda yake jikin katin NIN da sauran takardun makaranta, harafi da harafi da kuma jerin sunayen, domin saɓanin rubutun suna yana cikin abubuwan da suke hana a karɓi takarda a wurin tantancewa.